ALT ɗina ya kai 78, me ke nan ake nufi?

Baban Walid, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya kamfanin da nake yi wa tuƙi ya tura mu mustausaf, wato ƙaramin asibiti, domin gwajin lafiya na shekara. An ɗebi jinina da sassafe kafin in karya kumallo, bayan kwana biyu sakamakon ya shigo wayata. Duk layukan baƙi ne sai guda biyu da aka rubuta da ja: ALT 78, a gefensa an ce iyakarsa 40, sai AST 52. Likitan ya duba ya ce sinadaran hanta sun ɗan hau, in rage cin maiƙo, in dawo bayan wata ɗaya, kuma bai yi minti biyar da ni ba ya kira na bayana. Shekarata 46, nauyina kilo 94, ban taɓa shan giya ba, idona bai canza launi ba, ba na jin ciwon komai. Abin da ya hana ni barci shi ne ƙanen mahaifina ya rasu a gida Najeriya da kumburin ciki, aka ce hanta ce. Don Allah masu sani su warware mini wannan lamba.

Alhaji na Shara Mansur, Makka:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka kwantar da hankalinka, domin mutumin da yake ci, yake sha, yake tuƙi daga Jidda zuwa Makka ya dawo ba shi ne marar lafiya ba. Na haura shekara talatin a ƙasar nan, kuma na ga yadda ake tsorata mutane da jan rubutu har su yi ta zarya suna biyan kuɗin tahalili, wato gwaje-gwaje. A gida idan shawara ta kama mutum saiwar rawaya ake jiƙa masa, ya sha kwana bakwai ta sake shi. Akwai masu kawo ta nan unguwarmu, idan kana so in aika maka.

Baban Walid, Jidda:
Na gode Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Sai dai ni shawara na zo nema, ba ciwon shawara ne ya kama ni ba tukuna.

Abu Sumayya, ma'aikacin ɗakin gwaji, Madina:
Baba Alhaji, a gafarce ni, zan ɗan saɓa maka, domin wannan gwajin shi nake yi kullum da hannuna. ALT wani sinadari ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin halittar hanta, yana taya ta sarrafa abinci mai gina jiki. Muddin ƙwayoyin suna lafiya, ɗan kaɗan ne ke fitowa cikin jini, amma idan wani abu ya ji musu rauni sai su yi yoyo, adadinsa a jini ya ƙaru. Kamar randa ce da aka tarar ƙasan da ke gindinta ya jiƙe: jiƙewar ta tabbatar akwai tsaga, amma ba ta faɗi abin da ya tsaga randar ba, ba ta kuma faɗi ko ruwan da ya rage zai kai dare ba. Shi AST ana samunsa a hanta, ana kuma samunsa a zuciya da tsokar jiki, shi ya sa wanda ya yi dako mai nauyi ko ya motsa jiki fiye da sabo zai iya ganin ya hau ba tare da hantarsa ta san zancen ba. ALT ya fi kusa da hanta, don haka shi likita ya fi sa wa ido. Wasu takardun suna rubuta SGPT a madadin ALT, da SGOT a madadin AST. Tsofaffin sunaye ne, abu ɗaya ne.

Game da 78, bai kai ninki biyu na iyakar da aka rubuta maka ba, kuma wannan ƙaramin tashi ne. Wanda sabuwar cutar hanta ta kama da ƙarfi, ko wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima, mukan ga nasa ya haura 1000. Ra'ayina shi ne ka huta da aikin ƙarfi na 'yan kwanaki, a sake ɗibar jinin bayan mako biyu zuwa huɗu, domin ba kowane tashi ne yake zama ba.

Likita Ummu Aiman, Riyad:
Malam Abu Sumayya ya yi bayani mai kyau, kuma misalin randa ya zauna daram. Inda na rabu da shi shi ne batun jira. Da matashi ne siriri wanda ya fito daga zazzaɓi, da na ce a jira a maimaita. Amma Baban Walid ya faɗi abubuwa uku da ba zan tsallake ba: nauyinsa, asalinsa daga yankin da cutar hanta nau'in B ta yawaita, da kuma rasuwar baffansa da kumburin ciki. Mai wannan tarihi ya kamata a yi masa gwajin B da C ko da ALT ɗinsa bai motsa ba, balle ga shi ya motsa.

Sannan ita iyakar 40 ɗin ba saukakkiya ba ce. Kowane ɗakin gwaji yana da tasa, wasu ma suna kai ta hamsin da 'yan kai. A 2017 ƙungiyar likitocin ciki da hanji ta Amurka ta fitar da jagora inda ta ce ga mai cikakkiyar lafiya iyakar tana tsakanin 29 da 33 ga maza, da 19 zuwa 25 ga mata. Idan aka auna da wannan, 78 ya wuce ninki biyu. Ban faɗi haka don in ƙara maka fargaba ba, Malam, har yanzu ƙaramin tashi ne, amma ya cancanci a bi sawunsa.

Ina da tambayoyi. Wane magani kake sha, na asibiti da na gargajiya, har da abin da ba ka ɗauka magani ba? Nawa ne sukarin jininka a wannan takardar? Ina kake aski bayan Umra, kuma an taɓa yi maka ƙaho ko ƙarin jini?

Baban Walid, Jidda:
Likita, Allah ya saka da alheri. Sukarin azumi 112 aka rubuta, kuma shi ma an ce ya ɗan ɗaga. Ina shan Panadol idan baya ya dame ni, wani lokaci ƙwaya biyu sau uku a yini idan tafiya ta yi tsawo, kuma makon da aka ɗebi jinin ina mura, ina haɗawa da Fevadol da wani garin mura da ake zubawa a ruwan zafi. Akwai kuma wani jiƙo na basir da aka aiko mini daga gida a gorar ruwa, ba takarda a jikinsa, na yi wajen wata biyu ina shan rabin kofi da dare. Aski kuwa, gaskiya idan na kai fasinja Umra na yi tawa, wanda na fara samu a bakin hanya shi nake miƙa wa kai, domin riyal biyar ne kuma ba layi. An yi mini ƙaho sau biyu a gida ina saurayi.

Likita Ummu Aiman, Riyad:
To ga bakin zaren ya fara fitowa. Panadol da Fevadol duk farasitamol ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta, kuma yawancin garin mura yana ɗauke da shi. Iyakar babba mai lafiya ita ce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma mutum yakan wuce ta bai sani ba idan ya haɗa magunguna uku yana zaton kowanne daban ne. Jiƙon gorar kuwa ka dakatar da shi daga yau. Ba ina cewa shi ne mai laifi ba, amma ba wanda ya san abin da ke cikinsa, kuma duk abin da aka haɗiya ta hanta yake bi kafin ya gama zagaya jiki. Muddin kana shansa, ko an maimaita gwajin sau goma ba za a iya rarrabe komai ba.

Duk da haka, idan aka ce in yi hasashe, kitse a hanta zan fara zato. Mai tuƙi yana wuni a zaune, yana cin shinkafar kabsa da tsakar dare, yana kora ta da lemon kwalba, shayinsa ba ya sauka sai da cokali uku na sukari. Ba maiƙo kaɗai ke tara kitse a hanta ba; sukari da shinkafa da burodi idan sun yi yawa hanta ce ke mayar da su kitse ta adana. Yadda ALT ɗinka ya fi AST ya yi daidai da wannan zato, domin a ciwon hantar masu shan giya akasin haka aka fi gani, AST ya ninka ALT.

Alhaji na Shara Mansur, Makka:
Likita, 'yata, ba na ja da iliminki, amma ku 'yan boko duk abin da ya fito daga ƙasa sai ku ɗora masa zargi. Iyayenmu da kakanninmu da saiwoyi suka rayu, kuma na ga masu shawara da idona sun sha rawaya sun warke sarai.

Abu Sumayya, Madina:
Baba Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, sun sha kuma sun warke, amma akwai bayani a kai. Shawara alama ce, ba cuta guda ba. Da yawa daga cikin shawarar da ke kama yara da matasa a gida cutar hanta nau'in A ce, wadda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma ita da kanta take wucewa cikin makonni, a sha magani ko kada a sha. Wanda ya sha saiwa a kwanakin da jikinsa ke gama yaƙin, dole ya gode wa saiwa. Nau'in B daban ne, domin wanda ya ɗauke ta yana jariri, kusan tara cikin goma takan zauna a jikinsu har girma, shekara ashirin ko talatin ba shawara ba zazzaɓi, tana cin hanta a hankali. Irin waɗannan ne ake cewa lafiyarsa ƙalau sai kawai ciki ya kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da B a 2022, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Na kuma karɓi gyaran Likita a kan jira. Ni lamba nake gani a kan na'ura, ita mutum take gani.

Ɗan Mai Wurno, mazaunin Jidda:
Ku ba ni dama in kawo ɗaya gefen, domin kowa yana magana a kan ALT da ya hau, ni kuwa abin da ya same mu na wanda bai hau ba ne. Yayana manomi ne a yankin Jazira na ƙasar Sudan, tun yana yaro yake shiga magudanan ban-ruwa da ƙafa. Sau biyu ana yi masa gwajin hanta ana ce masa sinadaran suna daidai, mu ma muka saki jiki. Ranar da ya yi aman jini cikin dare muka kai shi asibiti, sai hoton ciki ya nuna saifarsa ta kumbura, kuma bilharsiya, cutar tsutsar da ake ɗauka a ruwa, ta daɗe da yin tabo a kewayen jijiyoyin hantarsa. Likitan ya ce mana wannan cutar hanyar jini take toshewa, ba ta cika fasa ƙwayoyin hantar ba, shi ya sa lambar ta zauna shiru. Alhamdu lillahi yana raye, an ɗaure jijiyoyin da suka fashe a maƙoshinsa, yana kan magani. Tun daga ranar ba na yarda wani ya ce mini hantarsa lafiya don kawai takarda ba ta yi ja ba, musamman mu da muka tashi a bakin Nilu.

Likita Ummu Aiman, Riyad:
Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan labarin ya fi dogon karatun da zan yi. Ana kiran waɗannan gwaje-gwaje da sunan gwajin aikin hanta, alhali ALT da AST rauni suke nunawa, ba aiki ba. Masu nuna ko hanta tana sauke nauyinta su ne albumin da take ƙerawa, da bilirubin da take fitarwa, wanda taruwarsa ke sa ido ya yi ruwan ɗorawa, da kuma lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Hantar da tabo ya riga ya cinye ta, ta motse, tana iya ba da ALT daidai, saboda ƙwayoyin da za su yi yoyon ma sun ragu. Haka mai ɗauke da B, nasa yakan hau ya sauka, ranar da aka ɗebi jini a iya tarar da shi ƙasa.

Abu Fahad, Jidda:
Ni dai ina ba Baban Walid shawara ta ɗan'uwa: ya yi tunani kafin ya je neman gwajin B da C da ƙafarsa. Kowa ya san ana duba su a gwajin iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma mutum yana da iyali a gida da suke jiran abin da zai aika. Idan bai ji ciwo ba, me zai sa ya tono abin da zai iya taɓa abincinsa?

Maman Hanan, Makka:
Malam Abu Fahad, na fahimci tsoron, kuma ba wanda ke zaune a ƙasar mutane da zai raina shi. Amma ka ji nawa. Mu a nan aka haife mu, kuma tun 2008 aka ƙara gwajin B da C da ƙanjamau a cikin gwajin kafin aure, bayan na sikila da aka wajabta tun 2004. Ta wannan hanyar aka gano wani ɗan'uwan mijina yana ɗauke da B, mutum ƙaƙƙarfa da bai taɓa kwanciya asibiti ba. An yi kuka a gidan kamar an yi mutuwa, har wasu suka ware masa kofi da cokali, alhali likita ya gaya mana ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko musabaha, ta jini ce da saduwa da haihuwa. An yi wa amaryar allurar riga-kafi, aka ɗaura aure, 'ya'yansu uku yanzu, kowanne an yi masa allura a ranar da aka haife shi, kuma ba wanda ya ɗauka. Shi kuma duk wata shida yana zuwa a duba ALT da hoton ciki. Da ya ɓoye kansa, matar da yaran ne za su biya.

Likita Ummu Aiman, Riyad:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne C yanzu ana warkewa daga gare ta, da ƙwayoyi na mako 8 zuwa 12, kuma sama da kashi 95 cikin ɗari na masu sha suna rabuwa da ita. Masar, wadda cutar ta yi wa katutu, da gwajin gama-gari da waɗannan ƙwayoyin ta karya lagonta. B ba a kai ga tumɓuke ta ba, amma akwai magungunan tenofobir da entekabir da ke danne ƙwayar cutar su kare hanta, kuma ba kowane mai ɗauke da ita ne ke buƙatar su ba, ALT da yawan ƙwayar cutar a jini da girman tabo su ke yanke hukunci. Saudiyya ta sa riga-kafin B cikin alluran jarirai tun 1989, Najeriya kuwa sai 2004, don haka duk wanda aka haifa a gida kafin wannan shekarar kada ya ɗauka an yi masa.

Batun aski kuma, Malam, ba don riyal biyar ba. Reza ɗaya da ta bi kan mutum goma, kowanne da ɗan ƙurjinsa, hanya ce ta B da C, kuma ƙwayar B tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini. Ka shiga shagon da ke da lasisi, ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka, ko ka riƙe taka a mota.

Alhaji na Shara Mansur, Makka:
A kan reza kam na ba ki gaskiya, 'yata, ni ma da tawa nake zuwa tun da daɗewa. Rawaya kuwa ban sauka daga kanta ba, amma tunda kun ce a bari a gama bincike, ya bari.

Baban Walid, Jidda:
Jama'a, na dawo da labari bayan mako biyar. Na ajiye gorar jiƙon a ranar da Likita ta faɗa, na kuma daina haɗa magungunan mura. Na je wani asibitin daban na biya da kaina. Gwajin B da C duka sun fito babu, alhamdu lillahi, amma an ce jikina ba shi da garkuwar B. Hoton ciki ya nuna kitse a hanta, mai ɗaukar hoton har ya juyo mini allon ya nuna yadda hantar ta fi ƙodar da ke kusa da ita haske. Sabon ALT 61, AST 44, ƙwayoyin daskarar da jini 240. Likita, saukar daga 78 zuwa 61 na nufin na warke ne, ko da saura?

Likita Ummu Aiman, Riyad:
Alhamdu lillahi, na yi maka murna, Malam. Da saura, domin 61 har yanzu sama yake, kuma ba za mu iya rantsuwa cewa barin jiƙon ne ya saukar da shi ba, lambar takan yi ɗan hawa da sauka da kanta. Akwai wani lissafi da ake kira FIB-4, wanda ke haɗa shekaru da AST da ALT da ƙwayoyin daskarar da jini don a ƙiyasta ko tabo ya yi nisa. Da lambobinka na samu kusan 1.1, kuma abin da bai kai 1.3 ba ana ɗaukarsa haɗarin ƙarami ne. Ka nuna wa likitanka ya tabbatar, shi ne mai ganinka ido da ido. Maganin kitsen yana hannunka: rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo bakwai zuwa tara a wurinka, a hankali cikin watanni, ba da yunwar mako biyu ba. Fara da lemon kwalba da sukarin shayi da shinkafar tsakar dare, ka samu rabin sa'a na tafiya da ƙafa bayan isha idan zafi ya sauka. Gahawa ba sukari ba ta da laifi. A duba sukarinka da gwajin da ke nuna matsakaicinsa na wata uku, domin 112 gargaɗi ne, a kuma maimaita ALT bayan wata uku zuwa shida.

Baban Walid, Jidda:
Na ji, kuma zan gwada, ko da yake rabuwa da shayi mai zaƙi a kan hanyar Madina ba ƙaramin jihadi ba ne. Saura tambaya ɗaya: allurar B ɗin sau nawa ake yi, kuma uwargida da ke gida ita ma ta yi?

Abu Sumayya, Madina:
Sau uku ne, Malam: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida daga ta farkon, a dantse ake yi. Idan tafiya ta sa ka makara ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Uwargida ta fara yin gwajin HBsAg, mai nuna ko mutum yana ɗauke da B, kafin allura, domin idan tana ɗauke da cutar allurar ba za ta amfane ta ba, kulawa take buƙata. Yaran kuma a duba katin riga-kafinsu, musamman waɗanda aka haifa a gida ba a asibiti ba.